Daga Gangara zuwa ɗakin bincike: wa zai nazarci cututtukan bakin iyaka?

A farkon watan Yuli na 2018 wasu mutum uku 'yan gida ɗaya daga ƙaramar hukumar Jibiya suka tsallaka iyaka suna amai da gudawa, aka karɓe su a wani asibiti a ɓangaren Nijar. Daga kansu Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara lissafin annobar kwalarar da ta kama sama da mutum 3,600 a Nijar kafin Oktoba, mafi yawansu a gundumar Madarumfa ta jihar Maraɗi, kuma kusan ɗaya cikin kowane bakwai na waɗanda aka yi wa magani mazauna Najeriya ne. Wanda ya san garuruwan bakin iyakar nan, irin Gangara da Magama da Ɗan Isa, ba zai yi mamaki ba. Dangi ɗaya ne, kasuwa ɗaya ake ci, ana auratayya, makiyaya na kai da komo da dabbobinsu. Rahoton cutar ne kaɗai ke rabuwa biyu: na wannan ɓangare ya tafi Abuja da Turanci, na wancan ya tafi Yamai da Faransanci, daga bisani su haɗu a teburin wani masani a Paris ko Landan.

Wannan masani na ƙarshe shi ne damuwata. Me ya hana ya zama ɗan Gangara, ko 'yar Jibiya, ko ɗan Maraɗi? Kuma idan yau wani yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa daga wannan yanki ya ce binciken cututtuka masu yaɗuwa da garkuwar jiki yake so ya zama aikin rayuwarsa, wace hanya za a nuna masa, kuma me zai tarar a kanta?

Fannin fuska biyu gare shi. Wani masanin ƙwayar cutar yake bi: wace iri ce, daga ina ta zo, yaya take sauya kama, wane magani ya daina kama ta. Wani kuma jikin da ta shiga yake nazari: yadda fararen ƙwayoyin jini ke gane baƙo, su ƙera sinadaran kariya, su kuma tuna cutar da suka taɓa gani bayan shekaru, wanda a kansa aka gina allurar rigakafi. Sanƙarau ya isa misali. Ƙwayar cutar tana zaune a maƙogwaron mutane da yawa ba tare da sun yi ko ciwon kai ba. Sai hunturu ya ja baya, zafin bazara ya kama, ƙura ta tashi, a wayi gari ta shiga jinin wani yaro ta haura ƙwaƙwalwa, alhali ɗan'uwansa da suke kwana tabarma ɗaya lafiyarsa ƙalau. Da ruwan farko ya sauka, annobar ta lafa. Tun 1963 wani likitan Faransa, Lapeyssonnie, ya zana zirin ƙasar da haka ke faruwa, wanda yau ake lissafa shi daga Senegal zuwa Habasha, Katsina da Maraɗi suna tsakiyarsa. Har yanzu masana ba su gama warware abin da ke raba yaron da ya kwanta da wanda ya tsira ba. Wanda ya tashi yana ganin wannan a unguwarsu kowace bazara bai kamata a ce wani ya fi shi haƙƙin tambayar ba.

Matasanmu da yawa suna zaton irin wannan bincike sai ƙasar Turawa. Tarihi bai goyi bayansu ba. A shekarun 1970 asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana cikin wuraren da duniya ke saurare a kan cututtukan ƙasashe masu zafi. A nan Brian Greenwood da Hilton Whittle suka yi amfani da dabarun ilimin garkuwar jiki wajen gano sanƙarau cikin sauri daga ruwan lakar baya. A nan aka nuna cewa yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kayar, idan aka yi masa rigakafin sanƙarau a lokacin, jikinsa ba ya amsawa yadda ya kamata. A nan kuma aka gwada maganin sanƙarau na allura ɗaya tak, kuma sunan da ke kan gaba a takardar da ta fito a 1979 na Sadiq Wali ne, ɗan Kano. Ka yi tunanin amfanin wannan ga ƙauyen da ba shi da gadon kwantar da mara lafiya na mako guda. A Malumfashi, wadda yau take cikin Jihar Katsina, jami'ar ta haɗa kai da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool, aka bi jama'ar ƙauyuka gida gida ana nazarin tsargiya da zazzaɓi da saran maciji da yadda ƙwayar sanƙarau ke yawo daga maƙogwaro zuwa maƙogwaro. A Garki kuma, cikin Jigawa ta yanzu, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi binciken zazzaɓin cizon sauro daga 1969 zuwa 1976, wanda har yau masu lissafin yaɗuwar cutar suke komawa ga alƙalumansa.

Daga wannan makaranta ta Zariya Farfesa Idris Mohammed ya fito, ɗan Gombe, likita kuma masanin garkuwar jiki, wanda ya jagoranci kwamitin gwamnatin tarayya lokacin annobar sanƙarau ta 1996. To me ya faru? Greenwood ya koma Gambiya a 1980, cibiyar da ya shugabanta can tana nan tana yaye masana har gobe. Mu kuwa tattalin arziki ya karye, darajar naira ta zube tun daga 1986, na'urori suka lalace ba a gyara ba, malamai suka watse zuwa Saudiyya da Ingila. Ba basira ce ta ƙare ba. Riƙo ne ya gagara, kuma duk mai son shiga wannan fanni ya kamata ya san cewa riƙon nan har yau shi ne babbar matsala.

Akwai wani gado kuma da zai tarar yana jiransa a ƙofar kowane gida. A 1996 sanƙarau ya kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu. Ana cikin wannan hali kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a kan yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 ne suka shiga gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, Idris Mohammed yana cikin waɗanda suka ɗaga murya tun a lokacin. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Kafin nan, a 2003, an dakatar da rigakafin shan inna a Kano kusan shekara guda saboda zargi da rashin yarda, cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20. Shi ya sa idan mai bincike ya shiga ƙauye da sirinji ya ce zai ɗebi jinin yara, tambayar farko da maigida zai yi masa ita ce: ina za ku kai shi, kuma me za ku yi da shi? Tambaya ce ta mai hankali, ba ta jahili ba. Masanin da zai iya zama a zaure ya amsa ta da Hausar da dattijo zai gamsu, wanda aka san mahaifinsa, wanda ba zai gudu ba idan wani abu ya faru, yana da jarin da babu jami'ar waje da ke sayar da shi.

Cewa ana iya yin bincike mai daraja a wannan yanki ko a yau, shaida na nan a tsallaken iyaka. Epicentre, reshen bincike na ƙungiyar likitoci ta MSF, tana da cibiya a Maraɗi tun 2009. A gundumar Madarumfa suka gwada wani rigakafin ƙwayar rota, mai jawo wa jarirai gudawa mai tsanani, wanda kamfanin Serum Institute na Indiya ya haɗa shi yadda zai jure zafi. Jarirai 3,508 aka lissafa a sakamakon da ya fito a 2017, kariyar ta kai kusan kashi 67 cikin ɗari, kuma a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Jariran nan Hausawa ne, maƙwabtan Jibiya, uwayensu ne suka riƙa kai su ana aunawa. Ma'aikatan jinya da masu gwaje-gwaje da masu bin gidaje 'yan ƙasa ne, sun kuma koyi aiki mai tsafta. Amma a irin waɗannan manyan gwaje-gwaje, a Afirka gaba ɗaya, wanda ya tsara tambayar kuma ya riƙe kuɗin galibi daga waje yake. Tsakanin mai ɗebo samfur da mai tambaya akwai tazara, kuma cike wannan tazarar shi ne abin da nake nufi da gina sana'ar bincike.

Hanyar daga ajin sakandare take farawa, kuma a nan yaron Gangara yake fara shan wahalar da ɗan birni bai sani ba. Hare-haren 'yan bindiga sun sha rufe makarantu a ƙauyukan Jibiya, malamin kimiyya mai kyau yana da wuyar samu, ɗakin gwaje-gwaje kuwa wani sai ranar jarrabawa yake fara ganinsa. Wanda ya tsallake wannan, kada ya ɗauka cewa in bai samu gurbin karatun likita ba shi ke nan. Iyaye da yawa sun ɗauka haka, suna kashe wa 'ya'yansu gwiwa. Ilimin ƙananan halittu, da bayokemistiri, da kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, da haɗa magunguna, duk ƙofofi ne. Marigayi Farfesa Andrew Nok na Zariya, wanda duniya ta san shi da binciken ƙwayar da ke jawo sammore ga shanu da ciwon barci ga mutane, ba likita ba ne, bayokemistiri ya karanta. Likitancin dabbobi ma ƙofa ce babba ga ɗan bakin iyaka, inda garkuna ke ƙetarawa kullum da tarin fukan shanu da sauran cututtukan da ke tsallakawa zuwa ga mutane.

Wuraren karatu ba su yi nisa ba. Akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina da ta tarayya a Dutsin-Ma. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato tana da sashen nazarin garkuwar jiki. Zariya tana da cibiyar da Bankin Duniya ya tallafa a kan cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Jami'ar Bayero tana da cibiyar binciken cututtuka masu yaɗuwa, ga asibitin Malam Aminu Kano inda Farfesa Abdulrazaq Habib ya daɗe yana aiki a kan waɗannan cututtuka da saran maciji. Sai dai a digiri na biyu ba sunan jami'a ya kamata ɗalibi ya bi ba, malami zai bi. Ya duba: wannan malamin yana da bincike mai rai a hannunsa? Ɗalibansa na baya ina suke? Yana sa sunansu a takardun da yake wallafawa? Shekara biyu a hannun wanda zai zaunar da kai ya gyara maka rubutu layi layi, ya tura ka taro, ya rubuta wa abokinsa a wata ƙasa a kanka, sun fi kowace takardar shaida.

Abin da za a koya ma ya wuce aikin hannu. Gwajin PCR da auna sinadaran kariya a jini duk ana koyonsu cikin watanni. Abin da ke kayar da ɗalibanmu a gasar neman gurbi shi ne ƙididdiga da rubutu: iya tsara tambaya ɗaya mai kaifi, iya sarrafa alƙaluma a kwamfuta, iya bayani a taƙaice da Turanci mai tsabta. Waɗannan kuwa da waya da intanet ana iya fara su daga Jibiya. Zan ƙara da Faransanci, ko da na karanta rahoto ne. Yamai tana da cibiyar CERMES mai dogon tarihi a binciken sanƙarau, Maraɗi tana da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, kuma daga Jibiya Maraɗi ta fi Kano kusa nesa ba kusa ba. Abin takaici ne a ce masanan Katsina da na Maraɗi, waɗanda za su iya tattauna aikinsu da Hausa, sai a taron ƙasa da ƙasa suke sanin juna.

Digiri na uku ya kan tilasta fita, ko zuwa Turai ko zuwa cibiyoyin Afirka da suka tsaya da ƙafafunsu, irin WACCBIP a Jami'ar Ghana, ko cibiyar Gambiya, ko ACEGID a garin Ede inda Christian Happi da ɗalibansa suka fara karanta tsarin halittar ƙwayar korona a nahiyar nan a Maris na 2020. Asusun TETFund ya dakatar da tura malaman jami'a karatu waje daga Janairun 2025, saboda tsadar dala da kuma waɗanda suka tafi ba su dawo ba. Saura gurabe na gasa irin na Commonwealth da DAAD ta Jamus da Wellcome. A ganina tsarin da ya fi dacewa da mu shi ne wanda ɗalibi zai ɗebi samfur a gida, ya je waje ya koyi dabara na wasu watanni, ya dawo ya ƙarasa. Haka tambayar ba ta barin hannunsa, mutanen da ya saba da su a asibiti da ƙauye ba sa mantawa da shi.

Amma ba a digiri ake faɗuwa ba. Shekaru biyar na bayan digiri na uku su ne ke cinye masu bincikenmu. Mutum ya dawo da zafinsa, a ɗora masa aji mai ɗalibai ɗaruruwa da aikin haɗa sakamakon jarrabawa. Jinin da ya sha wahala ya tara yana buƙatar firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, dare da rana, kuma wuta ta ɗauke na kwana biyu ta isa ta lalata aikin shekara uku. Sinadaran gwaji da dala ake saye, su maƙale a tashar jirgi har sanyinsu ya tafi. Yajin aikin malaman jami'a ya zo, kamar na 2022 da ya ci wata takwas. Sannan ga tsarin ƙarin girma da ke ƙirga yawan takardu ba ingancinsu ba, wanda ke tura matashi ga mujallun bogi da ke wallafa komai in an biya. Da yawa a nan suke sarewa: wani ya koma ƙungiyar agaji inda albashi ya fi, wani ya sake fita waje. Ba na ganin laifinsu, kuma wanda ya zauna a waje yana iya zama gada, ya karɓi ɗalibai, ya raba tallafi da na gida. Sai dai gada tana buƙatar wani a tsaye a wannan gaɓar.

Halidou Tinto na Burkina Faso ya nuna abin da tsayawar ke haifarwa. Bayan ya gama digiri na uku a Beljiyam ya koma gida, ya kafa sashen bincike a Nanoro, ƙaramin gari, kuma a can aka yi gwajin da ya fara nuna ƙarfin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na R21, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2023, Najeriya ta fara bayarwa a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024. Masu ba da tallafi na duniya ba sa zuba kuɗi a kan fatar baki, sai sun ga ɗan sakamakon farko, da ɗakin gwaji mai aiki, da ma'ajin da ya iya lissafi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wannan ruwan cikin shi ne aikin gwamnatin jiha da jami'a da attajiranmu: ƙaramin tallafin farawa ga wanda ya dawo, wutar sola ga ɗakin ajiyar samfur, da rage masa nauyin koyarwa na 'yan shekaru. Yanke tallafin da Amurka ta yi a 2025 ya nuna hatsarin jingina da kuɗin wani gaba ɗaya.

Mata kuwa ba don cika lissafi ake buƙatarsu a wannan fanni ba. Mafi yawan tambayoyin a jikin jarirai da masu ciki da masu shayarwa suke, a cikin gidajen da namiji baƙo ba ya wuce zaure. Yarinyar da ta karanta wannan fanni za ta ji abin da uwa ba za ta faɗa wa namiji ba. Abin da ke tsayar da ita yawanci shi ne shekarun digiri na biyu da na uku su ne shekarun aure da goyo, don haka malamin da ya iya sassauta lokaci da mijin da ya fahimci aikin suna cikin kayan aikinta.

Tambayoyin da ke jiran waɗannan matasa ba na aro ba ne. Me ya sa rigakafin rota da ke ba da kariyar da ta haura kashi 85 a Turai ya tsaya a kashi 67 a Madarumfa? Ana zargin tamowa, da kumburin hanji saboda ruwa mara tsafta, da sinadaran kariyar da jariri ke samu daga uwa, amma ba a rufe zancen ba. MSF ta ce yara 652 suka rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina a watanni shida na farkon 2025 sakamakon tamowa, kuma yaro mai tamowa sau da yawa cutar da ta samu garkuwarsa a karye ce ke ƙarasa shi. Binciken da aka wallafa a 2019 ya nuna ƙyanda kan goge wani kaso mai yawa na kariyar da jikin yaro ya tara daga cututtukan baya, amma a kan yaran Holland aka yi shi, ba yaran da ke fama da yunwa da zazzaɓi a lokaci guda ba. Mashaƙo, da aka ɗauka ya zama tarihi, ya dawo a Kano a ƙarshen 2022 ya ratsa Katsina da Damagaram.

Sanƙarau ma bai gama da mu ba. Rigakafin MenAfriVac da aka fara a Nijar a 2010, Najeriya a 2011, ya kusan shafe nau'in A. Sai wani sabon nau'in C ya ɓulla a yankin Sakkwato a 2013, ya yi ɓarna a Yamai a 2015, sannan a kakar 2016 zuwa 2017 ya kama sama da mutum 14,000 a Najeriya, sama da 1,100 suka rasu, Zamfara da Sakkwato da Katsina suna kan gaba. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabon rigakafin Men5CV mai kare nau'i biyar. Shekara nawa kariyarsa za ta ɗauka a jikin yaranmu, yaushe za a buƙaci ƙari, wane nau'i ne zai cike gurbin waɗanda aka kora, duk ba a sanin su sai an bi yara ɗaya ana auna jininsu da maƙogwaronsu shekara bayan shekara, yadda aka yi a Malumfashi. Irin wannan aiki ba na baƙon da zai zo wata shida ya tafi ba ne. Yana son asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina da jami'o'in jihar su ware 'yan matasan masana, su ba su albashi da wuri da lokaci, su kuma ƙulla yarjejeniya da takwarorinsu na Maraɗi yadda yaron da aka yi wa allura a Jibiya, idan iyayensa suka koma Ɗan Isa, ba zai ɓace daga rajista ba.